ƘUSUMBI DA KARKACEWAR BAYA GA YARA: INDA BINCIKEN LIKITOCI YA KAI

Daga Wakilinmu, Kano

Unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni ta zama matattarar masu neman lafiya tun lokacin da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda jama'a suka fi sani da Asibitin Malam, ya tare a mazauninsa na Titin Zariya. An kafa wannan asibiti a shekarar 1988, kuma a cikinsa ne ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero ke koyon aikinsu. Marasa lafiya kan zo masa daga Jigawa da Katsina da Bauci, har da Jamhuriyar Nijar. To, a cikin cututtukan da ake kawowa gaban likitocin ƙashi a Kano, ko a nan ko a Asibitin Ƙashi na Dala, akwai wadda iyaye kan daɗe suna ɓoyonta kafin su fito da ita, watau lanƙwasar ƙashin bayan yaro.

Bahaushe ya san ƙusumbi, ya san doro, kuma yana da nasa bayanin game da su. Wasu kan ce an goya yaro tun bayansa bai yi ƙwari ba, wasu su ce ya faɗo daga hannun 'yar raino aka ɓoye wa uwarsa, wasu kuma su ɗora wa iska ko sammu. In yarinya ce sai a ce tallan da take ɗauka ne, ko tulun ruwa. Binciken da likitoci suka yi shekara da shekaru a ƙasashe dabam-dabam, har da ƙasarmu, ya nuna cewa abin da muke haɗawa mu kira da suna ɗaya cututtuka ne iri-iri, kowace da sanadinta da maganinta. Wani abin mamaki kuma, wadda ta fi gurgunta yara a cikinsu ita ce maganinta ya fi arha, muddin an zo da wuri.

YADDA ƘASHIN BAYA YAKE

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka ɗora ɗaya bisa ɗaya. Akwai 7 a wuya, 12 a daidai ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, 5 a ƙugu, sauran na ƙasa kuwa sukan manne da juna in mutum ya girma. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai kama da matashi, ta tsakiyar jerin kuma laka ta ratsa, wadda ke ɗauke da saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu da mafitsara da hanji. In aka dubi lafiyayyen mutum ta baya, gadon bayansa a miƙe yake kamar sanda. In ya karkace zuwa dama ko hagu, ya kuma murɗe, shi ne likitoci ke kira sikoliyosis. In kuwa ya ranƙwafa gaba ya yi tudu a baya, shi ne kaifosis, watau ƙusumbin da muka sani.

TARIN FUKA BA TARE DA TARI BA

Babban sanadin ƙusumbi mai tsini ga yaran ƙasashe irin namu shi ne tarin fuka. Mai karatu zai yi mamaki, domin mun saba da cewa tarin fuka cutar huhu ce. Haka ne, amma ƙwayar cutar kan bi jini ta sauka a wani sashe na jiki, kuma kusan rabin tarin fukan da ke kama ƙashi a ƙashin baya yake sauka. Wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ne ya bayyana wannan ciwo da gurguntar da yake jawowa tun a 1779, shi ya sa har gobe likitoci ke kiran ciwon da sunansa.

Ƙwayar cutar kan cinye gaban ƙasusuwa biyu ko uku da ke maƙwabtaka, kamar yadda gara ke cin gindin azara. Da gaban ya rube sai nauyin jiki ya danne shi, jerin ya karye gaba, bayan kuma ya tsiro waje kamar gwiwar yatsa. Mugunya kan taru a wurin ba tare da zafi ko ja ba, in ta matse laka sai ƙafafu su fara nauyi, yaro ya riƙa tuntuɓe, daga nan ya kasa tashi, wani lokaci har fitsari ya riƙa kufce masa. Sau da yawa yaron ba ya tari ko kaɗan. Abin da uwa za ta lura da shi shi ne ciwon baya da ya ƙi wucewa mako da makonni, kukan dare, rama, zazzaɓin yamma, da kuma yadda yaro ke ƙin sunkuyawa. In abu ya faɗi masa ƙasa sai ya durƙusa da gwiwa, bayansa a sanƙare, ya dafa cinyoyinsa kafin ya miƙe.

A da, yaron da ya kamu da wannan ciwo akan kwantar da shi cikin gadon filasta shekara guda ko biyu. Bayan da aka sami magungunan tarin fuka a shekarun 1940 da 1950, sai tambaya ta taso: shin doguwar kwanciyar nan dole ce? Ɗaya daga cikin amsoshin farko daga Nijeriya ta fito. A 1962 likitoci biyu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun, Konstam da Blesovsky, suka buga sakamakon aikinsu, inda suka nuna cewa masu tarin fukan ƙashin baya na warkewa da shan magani alhali suna yawo da ƙafarsu, suna zuwa asibiti daga gida. Rashin isassun gadaje ne ya tilasta musu gwada wannan hanya, sai ga shi ta zama darasi ga duniya. Abin takaici ne a ce ɗalibanmu da yawa ba su taɓa jin labarin wannan aiki ba.

Majalisar Binciken Lafiya ta Ingila ta ɗauki maganar da muhimmanci, ta shirya manyan gwaje-gwaje tun daga tsakiyar shekarun 1960 a Koriya, da Bulawayo ta ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, da Hong Kong, daga baya kuma da Madras ta Indiya. Aka kwatanta kwanciya da yawo, aka kwatanta sa rigar filasta da rashin sa ta, aka kwatanta tiyata da magani zalla, aka kuma bi marasa lafiyar har shekara 10 zuwa 15. Sakamakon ya nuna cewa maganin sha shi ne ginshiƙi, mafi yawan marasa lafiya sun warke da shi kaɗai, kwanciya da rigar filasta kuwa ba su ƙara kome ba. Amfanin tiyatar da likitocin Hong Kong suka shahara da ita, wadda ake shiga ta ƙirji a kwashe ruɓaɓɓen ƙashi a dasa wani, shi ne ƙashin kan haɗe da wuri kuma ƙusumbin ba ya yin girma sosai.

Sai dai akwai wani tarko game da yara. Wani likitan Indiya, Rajasekaran, ya bi diddigin yara kimanin 60 har tsawon shekara 15, ya buga abin da ya gano a 2001. Ya tarar cewa ko bayan cutar ta mutu murus, kusan yara 4 cikin 10 ƙusumbinsu ya ci gaba da ƙaruwa yayin da suke girma, musamman waɗanda suka kamu tun ba su kai shekara 10 ba. Ya kuma fito da alamu huɗu da ake gani a hoton ƙashi, waɗanda in aka ga fiye da biyu daga cikinsu an san bayan yaron na cikin haɗari, gara a yi masa aiki tun ƙusumbin bai yi nisa ba. Ma'anar wannan ga iyaye ita ce, ranar da yaro ya gama shan magani ba ita ce ranar sallama da asibiti ba. Dole a ci gaba da kai shi ana dubawa har ya gama tsawo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa da tarin fuka a Nijeriya kowace shekara, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi yawa. Maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, ko a Asibitin Zana ko a ƙananan asibitocin unguwa da ke da sashen tarin fuka, amma na ƙashin baya wata 12 ake yi ana sha, ba wata 6 kamar na huhu ba. A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa, domin da yaro ya ji sauƙi a wata na uku sai a ajiye magani. Allurar BCG da ake yi wa jarirai a kafaɗa tana rage haɗarin mummunan tarin fuka ga ƙananan yara, ita ma kyauta ce.

Game da masu ɗori kuwa, ba wanda zai musa cewa sun daɗe suna yi wa jama'a hidima a kan karaya da targaɗe. Amma ƙashin bayan da tarin fuka ya cinye ba karaya ba ce. Danna shi, ko taka shi, ko ja da ƙarfi da nufin a mayar da tudun ciki, na iya tura ruɓaɓɓen ƙashi kan laka, yaron da ya zo da ƙafarsa ya koma a goye. Tsaga da ƙaho ma ba su kai inda ciwon yake.

Shan inna ma ta karkatar da bayan yara masu yawa a ƙasar nan, domin in naman da ke riƙe da baya ya shanye ta gefe ɗaya sai ɗayan gefen ya rinjaye shi. Kano ta sha wahalar wannan cuta, musamman bayan dakatar da rigakafi a 2003 zuwa 2004. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano an same shi a Sumaila a 2014, aka kuma tabbatar da kuɓutar nahiyar Afirka daga gare ta a watan Agusta na 2020. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu. Akwai kuma yaran da aka haifa da wani ƙashi bai cika ba, da waɗanda ciwon ƙwaƙwalwa tun haihuwa ya raunana jikinsu.

WADDA BA A SAN SANADINTA BA

Duk da haka, a cikin yaran da bayansu ya karkace gefe, kimanin kashi 80 cikin ɗari ba a samun ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai. Yaro lafiyarsa lau, yana cin abinci, yana wasa, sai kawai a tsakanin shekara 10 zuwa 15, lokacin da jiki ke harbawa sama, baya ya fara kaucewa. Ƙididdigar ƙasashe da yawa ta nuna yara 2 zuwa 3 cikin ɗari suna da 'yar karkacewa, amma kaɗan ne tasu ke ƙaruwa har ta bukaci magani, kuma a cikin waɗannan 'yan mata sun ninka maza sau da yawa. Abin yana bin dangi. A 2011 masana a Japan sun gano wani wuri a cikin ƙwayoyin halitta, kusa da wanda ake kira LBX1, da ke da alaƙa da ciwon. Jakar makaranta mai nauyi, da zama a karkace kan benci, da ɗaukar kaya a ka, na iya sa ciwon baya, amma bincike bai nuna cewa su ke haifar da wannan karkacewa ba. Saboda haka uwa ta daina zargin kanta.

Irin wannan karkacewa galibi ba ta da zafi, shi ya sa take daɗewa ba a gane ta ba. A wajenmu kuma akwai ƙarin dalili: daidai shekarun da abin ke farawa su ne shekarun da yarinya ke fara kunya, ta daina tuɓewa ko a gaban mahaifiyarta, ga hijabi da zane sun rufe kome. Sau da yawa tela ce kan fara lura, in ta ga riga ta ƙi zama daidai, gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce, wani likitan Landan, William Adams, ya bayyana ta tun 1865. A sa yaro ya tsaya ƙafafunsa a haɗe, gwiwoyi a miƙe, ya sunkuya gaba hannuwansa na lilo, kusan kamar mai ruku'u. Mai dubawa ya tsaya ta baya ya kalli bayan. In gefe ɗaya na haƙarƙari ko na ƙugu ya fi ɗayan tudu, to, akwai dalilin zuwa asibiti. A tsaye kuma a duba ko kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ko allon kafaɗa ɗaya ya turo, ko ƙugu ya zurma ta gefe guda. Duk wannan bai kai minti ɗaya ba.

A asibiti za a ɗauki hoton ƙashin baya duka, yaron yana tsaye, a auna girman kwanar da aka samu bisa hanyar da likita John Cobb na Amurka ya tsara a 1948. Ƙasa da digiri 10 ba a ma kiransa ciwo. Daga 10 zuwa wajen 25 akan zuba ido, a sake dubawa bayan wata 4 zuwa 6. Daga 25 zuwa 40, in yaro bai gama girma ba, akan ba shi rigar gyaran baya. In ya kai 45 zuwa 50 sai a fara maganar tiyata. Abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne sauran girman da ya rage wa yaron, wanda likita kan gane daga hoton ƙashin ƙugu da kuma lokacin da yarinya ta fara al'ada. Digiri 25 ga 'yar shekara 11 da ba ta fara al'ada ba ya fi digiri 35 ga 'yar shekara 17 tayar da hankali.

GARDAMAR RIGAR GYARAN BAYA

Rigar gyaran baya wani sulke ne na roba mai tauri da ake ƙerawa daidai jikin yaro, daga hammata zuwa ƙugu, yana danna inda ya turo. An fara da samfurin Milwaukee a shekarun 1940, mai ƙarfe har wuya, wanda yara suka tsana ƙwarai, sannan aka sami samfurin Boston a farkon shekarun 1970, wanda ke ɓoyuwa cikin tufafi. Shekaru da yawa likitoci suna gardama ko rigar na da amfani, wasu na cewa wahalar da yara ce kawai.

An raba gardamar a 2013, lokacin da Farfesa Stuart Weinstein na Jami'ar Iowa da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwajin da aka yi a asibitoci 25 na Amurka da Kanada kan yara 242 masu shekara 10 zuwa 15. Aka ba wasu riga aka ce su sa ta sa'a 18 kowace rana, wasu kuma aka zuba musu ido kawai. Don kada a dogara da faɗin yaro, an maƙala wa kowace riga 'yar na'urar da ke jin ɗumin jiki, tana ƙirga sa'o'in da aka sa ta. A cikin masu riga, kashi 72 cikin ɗari sun gama girma ba tare da karkacewar ta kai digiri 50 ba, a cikin waɗanda aka zuba wa ido kuwa kashi 48 ne kawai. Waɗanda suka sa rigar sa'a 13 ko fiye a rana, kashi 90 da 'yan kai sun tsira daga tiyata, waɗanda ba su wuce sa'a 6 ba kuwa ba su fi marasa riga da kome ba. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da gwajin kafin wa'adinsa.

Wajibi ne a fahimci cewa rigar ba ta miƙar da baya, hana shi ƙaruwa take yi har yaro ya gama girma. Kuma an yi wannan gwaji ne a ƙasashen sanyi. Yarinyar da ke Unguwa Uku ko Darmanawa, wadda za a ce ta zauna cikin roba sa'a 18 a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga babu wuta, ga aji cike maƙil, tana bukatar haƙuri na dabam, tana kuma bukatar iyaye da malaman da za su tsaya mata, su hana 'yan ajinsu yi mata dariya. A ganina wannan fage ne da masu bincike na Jami'ar Bayero da masu ƙera gaɓoɓin roba na Dala suka fi kowa cancantar shiga, watau wace irin riga ce, kuma sa'o'i nawa, ɗan ƙasar zafi zai iya jurewa. Motsa jiki na musamman, irin tsarin da Katharina Schroth ta fara a Jamus a 1921, yana taimakawa tare da rigar, kuma aikin masu gashin ƙashi ne, amma shi kaɗai ba ya tare babbar karkacewa.

Akwai wani binciken na Iowa da ya kamata iyaye su sani, domin zai kwantar musu da hankali. An bi mutane 117 da suka sami irin wannan karkacewa tun suna matasa, ba a yi musu tiyata ba, har tsawon shekara 50, aka buga sakamakon a 2003. Sun fi tsararrakinsu ciwon baya, da yawansu kuma ba su jin daɗin surar jikinsu, amma sun yi aiki, sun yi aure, matan sun haihu kamar sauran mata. Ƙarancin numfashi ya fi bayyana ne ga waɗanda karkacewar ƙirjinsu ta wuce digiri 80. Saboda haka babu hujjar a janye yarinya daga makaranta, ko a fasa aurenta, don an ga kafaɗarta ɗaya ta ɗaga. Haɗarin gaske yana ga waɗanda abin ya fara musu tun suna ƙasa da shekara 10, musamman kafin shekara 5, domin a lokacin ne huhu ke girma, ƙirjin da ya matse kuwa ba ya barin huhu ya cika.

TIYATA

Tun a 1911 likita Russell Hibbs na New York ya fara aikin haɗe ƙasusuwan baya su zama ɗaya, kuma masu tarin fuka ya fara yi wa. A shekarun 1950 Paul Harrington na Houston ya ƙera sandar ƙarfe mai ƙugiya don yaran da shan inna ta karkatar, daga baya ta zama abin da duniya ta dogara da shi fiye da shekara 20. Bayan aikin Harrington yaro kan yi watanni cikin filasta. A farkon shekarun 1980 likitocin Faransa biyu, Cotrel da Dubousset, suka kawo tsarin sanduna biyu masu kama ƙashi a wurare da yawa. Yau kuwa sukurori ake ɗaurawa a jikin kowane ƙashi, a jona su da sanduna, a murɗo baya ya dawo kusa da daidai, bayan kwana biyu ko uku yaro ya taka ƙasa.

Amma babban aiki ne. Yana ɗaukar sa'o'i da dama, yana cin jini, yana bukatar ƙwararren mai sa barci da ɗakin kulawa ta musamman, da na'urar da ke sauraren laka yayin aiki don ta yi gargaɗi in an taɓa ta. A manyan asibitoci haɗarin taɓuwar laka ga matasa masu karkacewar da ba a san sanadinta ba kusan 1 ne cikin ɗari ko ƙasa da haka, amma yana hawa sosai in karkacewar ta tsananta ko ƙusumbin tsohon tarin fuka ne. Ƙarafan kuma daga waje ake sayo su da kuɗin waje, abin da ya sa aikin ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci.

Ƙananan yara ba a haɗe musu ƙashi, don kada ƙirji ya tsaya girma. Wata likita a Landan, Min Mehta, ta nuna a 2005, bayan ta kula da yara 136, cewa jariran da aka fara sa wa rigar filasta kafin su kai shekara 2, ana canjawa duk bayan wata 2 zuwa 3, da yawansu bayansu ya miƙe sarai ba tare da wuƙa ba. Filasta kuwa ba ta fi ƙarfin asibitocinmu ba. Ga waɗanda suka wuce wannan matsayi akan sa sandunan da ake ƙara wa tsawo duk bayan wata 6. Akwai samfurin da ake tsawaitawa daga waje da mayen ƙarfe, wanda likitocin Hong Kong suka ba da rahotonsa a 2012, ko da yake an sami ƙorafe-ƙorafe kan lalacewarsa cikin jiki. A 2019 kuma Amurka ta amince da wata dabara ta ɗaure gefe ɗaya na ƙashin baya da igiya mai ƙarfi, girman yaro ya ƙarasa gyaran, amma har yanzu ana tattara sakamakonta na dogon lokaci.

Wanda ke son ganin abin da Afirka ta Yamma za ta iya, ya dubi Ghana. Farfesa Oheneba Boachie-Adjei, haifaffen Kumasi, wanda ya shugabanci sashen gyaran karkacewar baya a wani babban asibitin ƙashi na New York, ya kafa gidauniyar FOCOS a 1998, ya kuma buɗe asibitinta a Pantang kusa da Accra a 2012. Ana kai masa yara daga Habasha da Saliyo da sauran ƙasashe, da yawansu karkacewarsu ta haura digiri 100. Kafin a yi musu aiki akan ɗaura musu zoben ƙarfe a ka, a rataya nauyi ta kan kura ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har makonni ko watanni, yaro yana zaune ko yana tafiya, baya na saki a hankali, numfashi na gyaruwa, ana kuma ciyar da shi ya yi ƙiba. Abin da ban tsoro a ido, amma rahotannin da suka fito daga wannan asibiti sun ƙara wa likitocin duniya sani kan yadda ake tunkarar karkacewar da ta yi nisa, irin wadda ba kasafai ake ganinta a Turai ba.

A MAKARANTUNMU

Asibitin Dala, wanda aka buɗe a 1959, Gwamnatin Tarayya kuma ta haɗa shi da na Igbobi a Ikko da na Inugu ƙarƙashin doka ɗaya a 1979, tare da Asibitin Malam, sun ba Kano abin da jihohi da yawa ba su da shi. Abin da ya rage shi ne yaran su iso da wuri. A Amurka ana gardama kan duba ɗalibai a makarantu, har wani kwamitin gwamnatinsu ya ce a 2018 hujjojin da ke akwai ba su isa a yanke hukunci ba, domin akan tura yara da yawa ɗaukar hoton da ba su bukata. Wannan gardamar masu likitan iyali ce, waɗanda ake duba 'ya'yansu kowace shekara. Yaron da ba ya ganin likita sai ya kwanta, gwajin minti ɗaya a makaranta shi ne kaɗai damarsa.

Ƙaramar Hukumar Tarauni, mai mutane fiye da 200,000 tun a ƙidayar 2006, ga asibitin koyarwa a tsakiyarta, ta dace da fara wannan gwaji. Ana iya koya wa malamai mata na firamare aji 5 da 6, da na ƙananan sakandare da Islamiyyu, su duba 'yan mata a keɓe, malamai maza su duba maza, ɗaliban likitanci da na gashin ƙashi su sake tantance waɗanda aka ware kafin a tura kowa ɗaukar hoto. Daga nan ne za a sami alƙaluman Kano na kanta, waɗanda Ma'aikatar Lafiya za ta iya tsara kasafi a kansu.

Ma'aikatan da ake cire wa kuɗin taimakekeniyar lafiya daga albashi, ko na jiha ko na tarayya, su tambayi ofishin da ke kula da su tun kafin bukata ta taso, ko tsarin ya ƙunshi rigar gyaran baya da ƙarafan tiyata, kuma kashi nawa. Iyayen da aka riga aka ɗauki hoton ɗansu kuwa su adana shi, su rubuta kwanan wata a jikin ambulan, kada a naɗe shi ko a bar shi a rana. Likita ba ya iya sanin ko karkacewa na ƙaruwa daga hoto ɗaya, sai ya ɗora na bana kusa da na bara ya auna, kuma bambancin da ya wuce digiri 5 tsakanin hotuna biyu shi ne ke sa a canja magani.